Filtar rage ƙyalli a bakin tafki, bayan shekara biyu ina juya ta

Shekara biyu ke nan da 'yan watanni wannan filta tana maƙale a bakin lensina, kuma kusan duk hoton tafkin da na ɗauka a tsawon wannan lokaci ta cikinta ya bi. Siffarta ba wani abin a zo a gani ba ce. Baƙin zoben ƙarfe ne mai faɗin milimita 77, da gilashi mai duhu-duhu irin na tabarau a tsakiya, a gefensa an rubuta haruffa uku, CPL. Zoben hawa biyu ne: na ƙasa ana murɗa shi a bakin lensi ya zauna daram, na sama kuma yana juyawa yadda kake so. Masu ɗaukar hoto suna ce mata folaraiza, ni kuwa nakan ce filtar rage ƙyalli, tunda aikinta ke nan. Kamfanoni da yawa suna ƙera irinta, kuma abin da zan faɗa a kan tawa zai hau kan mafi yawansu, in ka cire wasu aibobi na ƙira da zan zo kansu daga baya.

Abin da ya kai ni sayenta wani ciwo ne da ya daɗe yana damun hotunana. In na je bakin tafki, saman hoton yakan fito yadda nake so, ga gajimare, ga tsaunukan tsallake, ga jerin bishiyoyi. Ƙasan hoton ne kullum wayam, wani farin fili mai sheƙi kamar an shimfiɗa kwanon rufi, babu abin da ido zai kama ya bi ya shiga ciki. Duk wanda na nuna wa, shawararsa ɗaya ce: nemi wani abu ka sa a gaba, dutse ko kututture ko kwale-kwalen da aka ɗaure. Shawarar ba ta da laifi, na kuma bi ta iya bi. Amma da tafiya ta yi nisa sai hotunan suka zama 'yan gida ɗaya. Yau dutse a kusurwar hagu, ruwa, tsauni. Gobe kututture a kusurwar dama, ruwa, tsauni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in na sunkuyar da kai na dubi ƙafafuna a cikin ruwan, ga tsakuwa nan ja da rawaya da mai ratsin fari, ga ciyawar ƙarƙashin ruwa tana kaɗawa, ga 'yan ƙananan kifaye suna wulgawa. Ina ɗago kyamara don in haɗa su da tsaunin, sai su ɓace ƙarƙashin hasken sama da ke kwance a fuskar ruwan.

Ranar farko da na fita da ita, na isa tafkin tun rana ba ta fito ba. Iska ba ta tashi ba tukuna, ruwan yana kwance ko motsi ba ya yi. Na kafa turken kyamara mai ƙafa uku a gaɓa, ƙafa biyu a cikin ruwa, ɗaya a kan yashi, na saita lensi a milimita 24, wato inda yake kwasar fili mai faɗi, na ɗan karkatar da kyamarar ƙasa. Na sa yatsu biyu na fara juya zoben a hankali, idona a kan allon kyamara. Da farko babu abin da ya sauya. Can sai farin da ke ƙasan hoton ya soma janyewa kamar ana yaye mayafi. Tsakuwa ɗaya ta bayyana, ta biyu ta biyo, sai ga wani dogon tsagi a jikin falalen dutsen da ke ƙarƙashin ruwa, ya taso daga kusurwar dama ta ƙasa, ya miƙe sak ya nufi gindin tsaunin. Na tsaya a wannan wuri ya fi sau ashirin, ban taɓa lura tsagin nan yana nuni zuwa ga tsaunin ba. Abin da ya sa na tsaya cak ma ba wannan ba ne. Can nesa, inuwar tsaunin a cikin ruwa tana nan yadda take, ba ta goge ba. A cikin hoto guda, ruwan da ke kusa ya zama taga, wanda ke nesa ya ci gaba da zama madubi, a tsakaninsu kuma ɗaya yana narkewa cikin ɗaya ba tare da wata iyaka ba.

Na ɗauka sa'a ce, sai da na koma na bi ba'asin abin. Ashe fuskar ruwa ba ta mayar da haske daidai wa daida. In ka dube ta a tsaye daga sama, wajen kashi 2 cikin 100 kaɗai take mayarwa, saura duk ya shige ciki, shi ya sa kake ganin ƙafarka tangaran. Kana kwantar da kallonka, abin da take mayarwa yana ƙaruwa. In layin ganinka ya yi digiri 10 da fuskar ruwan, ya kai wajen kashi 35, a digiri 5 kuwa ya haura rabi. Sannan hasken da ya bugi ruwa ya taso ba kamar sauran haske yake ba, yawancinsa ta fuska ɗaya yake kaɗawa, a kwance. Ita filtar tamkar mataji ce mai haƙora ƙanana ƙwarai, hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai take bari ya wuce, kai ne kuma kake zaɓar fuskar da yatsunka. Wani Bafaranshe, Étienne-Louis Malus, shi ya gano wannan hali na haske a 1808, yana kallon hasken faɗuwar rana da ya bugi tagogin fadar Luxembourg a birnin Paris ta cikin wani dutse mai garai-garai. A 1815 David Brewster, ɗan Sukotlan, ya fitar da lissafin kusurwar da abin ya fi ƙarfi. Ga ruwa, digiri 53 ce daga tsaye, wato digiri 37 daga fuskar ruwan. A wannan kusurwa duk hasken da ruwan ya mayar a kwance yake, filtar tana iya share shi kaf. Kana nisantar kusurwar, ƙarfinta yana raguwa, shi ya sa inuwar tsaunin da ke can nesa, wadda nake kallo kusan a kwance, ta tsira. Shi kuma siririn fallen da ake matsewa tsakanin gilasai biyu a cikin filtar, asalinsa aikin Edwin Land ne na Amurka, wanda ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1929, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937.

Wannan digiri 37 ita ta sauya mini yadda nake tsara hoto gaba ɗaya, don haka zan ɗan daɗe a kanta. In kyamara tana tsayin mita ɗaya da rabi daga fuskar ruwa, wurin da tagar ta fi buɗewa yana wajen mita 2 a gabanka. In ka sauke ta zuwa rabin mita, tagar ta matso ta dawo ƙasa da santimita 70 daga ƙafar turken, duk sauran tafkin ya koma madubi. In ka hau wani dutse kyamarar ta kai mita 3, tagar ta tafi mita 4, ta kuma yi faɗi sosai. A da, tsayin idona ne yake yanke mini inda zan ɗora kyamara. In zo, in miƙe ƙafafun turke har su ƙure, in leƙa. Yanzu sai na yi ta yawo a gaɓa tukuna, kaina a sunkuye, ina neman abin da zan buɗe wa tagar: jerin tsakuwa da ya yi layi, reshen da ya nutse, inda yashi mai haske ya ƙare zurfi ya fara. In na same shi sai in kintaci nisansa da ni, in sa tsayin kyamara ya zama kashi uku cikin huɗu na wannan nisa. Ba sai da ma'auni ba, ido ya isa, kuma ko ka kauce da ɗan taki filtar tana aiki.

Akwai abin da ke biyo bayan wannan zaɓi wanda ya kamata mutum ya sani tun da wuri. Kyamara in ta yi ƙasa, tsakiyar tafkin takan matse ta zama siririn zare tsakanin gaɓar kusa da ta tsallake, inuwa ta yi ƙarfi, hoton ya zama na madubi. In ta yi sama, tafkin yakan baje, ka ga siffar gaɓarsa tana lanƙwasa, tsibiri ya rabu da tsallake maimakon ya manne da shi. Ni dai na fi karkata ga tsayin ƙirji, domin nan ne nake samun duka biyun, amma na ga hotunan da aka ɗauka kyamara tana kusan taɓa ruwa waɗanda har yau ina tuna su.

Watanni na farko na wuce gona da iri. Tunda na ga abin da take iyawa, duk inda na tsaya sai in juya ta har ƙarshe. Wata rana da la'asar na fita da ƙanena, muka sami wani lungu na tafkin inda ruwan bai wuce gwiwa ba, wata bishiya ta sunkuyo a kansa, ga ƙaramin kwale-kwale na katako a ɗaure a gindinta. Na tsaya a kan gaɓa mai ɗan tudu, na juya filtar har ƙyallin ya ɗauke ɗungurungum, na ɗauka, na miƙa masa kyamarar ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ina ruwan ya tafi?" Na ce ga shi nan kuwa, ba ka ga tsakuwar ƙasa ba? Ya ce, "Na ga tsakuwa, Yaya. Amma wannan kamar busasshen rafi ne, jirgin kuma kamar a iska yake rataye." Na karɓa na sake dubawa, gaskiyarsa ce. Ido da sheƙi yake gane ruwa. In ka kwashe sheƙin duka, ko dai ruwan ya ɓace in marar zurfi ne, ko ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta in mai zurfi ne, inuwar bishiyar da ta janyo ni wurin tun farko kuma na goge ta da hannuna. Tun ranar nake juya zoben har ƙarshe don in ga iyakar abin da ke ƙasa, sannan in dawo da shi baya sannu a hankali har sai ɗan sheƙi ya koma kan ruwan, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. Tafiyar kuma gajera ce, daga rashin aiki zuwa cikakken aiki rubu'in zagaye ne kawai, digiri 90, don haka ɗan motsin yatsa yana sauya hoto.

Mutane da yawa ba su san tana aiki ta ɗaya fuskar ba. In ka juya ta yadda za ta bar hasken kwance ya wuce, hasken da ke fitowa daga ƙarƙashin ruwa ne take ragewa, sai inuwa ta ƙara fitowa fili. Da asuba in bishiyoyin gaɓa sun kwanta a cikin ruwa amma koren ciyawar ƙasa yana dagula su, haka nake yi, launin inuwar ya tsaya sosai. A irin wannan hoto nakan sa layin tsallake a tsakiya cif, in bar sama da ƙasa su kalli juna, duk da shawarar nan ta raba hoto gida uku da ake ba kowane sabon shiga. In kuwa taga na buɗe, sai in tura layin sama, in ba ruwan kashi biyu cikin uku ko fiye. Hoton tsaye ya fi dacewa da wannan, domin ido yana tashi daga tsakuwar da ke ƙafarka, ya bi ruwan yana rufewa a hankali, ya faɗa inuwar tsauni, ya hau tsaunin kansa. Sai dai a kiyaye: in ka juya kyamara daga kwance zuwa tsaye, filtar ta juya tare da ita digiri 90, aikinta ya birkice, dole ka sake saita ta. Na yi asarar hotunan wata safiya guda a kan wannan mantuwa, kuma hasken irin wannan safiyar bai sake dawo mini ba.

A sararin sama kuwa, sai an yi taka-tsantsan. Filtar tana duhunta shuɗin sama, fararen gajimare su fito kamar za ka taɓa su, amma ba ko'ina take yin haka daidai ba. Ta fi ƙarfi a ɓangaren da ya yi digiri 90 da rana. Ka nuna rana da manuniya, ka miƙe babban yatsa, ka juya hannun, duk inda babban yatsan ya bi nan ne wurin. A kusa da rana da kuma bayanka in kana fuskantar ranar, kusan ba ta yin komai. To lensi mai milimita 24 a kyamara mai cikakken firam, wato mai babban faifan ɗaukar haske, yana kwasar wajen digiri 74 daga hagu zuwa dama, mai milimita 16 kuma wajen 97. Ka ga ke nan hoto ɗaya zai haɗa inda take aiki sosai da inda ba ta yi, sai wani baƙin tabo ya zauna a tsakiyar sama kamar an zubar da tawada. A allon kyamara ba ka cika ganinsa ba, sai ka buɗe hoton a kwamfuta, kuma gyara shi wahala ce. In za ka ɗinka hotuna da yawa ka yi dogon hoto mai faɗi, cire ta kawai. In hoto ɗaya ne, rage yawan saman da ke ciki, ko ka jira gajimare su rufe wurin, ko ka sassauta juyin.

Wani abu kuma da na daɗe ban gane kansa ba. Da tsakar rana, in na juya zoben ruwa ya buɗe, sai saman da ke kusa da tsallake ma ya yi duhu, aiki biyu a juyi ɗaya. Amma da fitowar rana ko faɗuwarta, in ranar tana gefena, abin ba ya tafiya haka: inda ruwan ya buɗe, sama ta yi fari-fari, inda sama ta yi shuɗi mai kyau kuma, ruwan ya rufe ya zama madubi. Dalilin shi ne, in rana ta yi ƙasa, hasken wannan ɓangare na sama a tsaye yake kaɗawa, na fuskar ruwa kuma kullum a kwance, matajin kuwa ba zai tare duka biyun lokaci guda ba. Tunda safiya da maraice su ne lokutan da na fi fita, kusan kullum sai na zaɓa. Yawanci ruwan nake zaɓa, domin ana iya ɗan duhunta sama a kwamfuta daga baya, amma tsakuwar da kyamara ba ta gani ba, duk abin da manhaja za ta sa a gurbinta ƙirƙira ce, ba abin da ke cikin tafkin ba.

Tana cin haske, wannan ba makawa. Ko filtar da ta fi kowace kyau sai ta zubar da rabin hasken da ya zo mata, tawa kuma ta ɗan fi haka: inda kyamara ke ba ni lokacin ɗauka na 1/125 na daƙiƙa, ina ɗora ta sai ya koma 1/50, wani lokaci 1/40. Da rana tsaka ba matsala ba ce. Da asuba, in na tsuke ƙofar lensi zuwa f/11, ma'aunin jin hasken kyamara wato ISO kuma yana 100, nakan tsinci kaina a daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda ba ya yiwuwa sai da turke. Tsaunuka ba sa motsi, amma ciyawar gaɓa da rassan bishiya suna yi, kuma in akwai agwagwa ko wani tsuntsu a kan ruwa zai fito kamar an shafe shi da yatsa. Nakan ɗaga ISO zuwa 400 in iska ta fara kaɗa ciyawa. Kada kuma mutum ya zaci tsawaita lokacin ɗauka zai mayar masa da ruwa mai igiya madubi. Zai lallashe igiyar ta yi sumul, amma inuwar za ta fito dishi-dishi. Madubi na gaske sai ruwan da kansa ya kwanta, wannan kuwa sai ka riga iska zuwa.

Akwai ranakun da take komawa aljihu. In ina fuskantar rana kai tsaye, ba ta ƙara wa sama komai, sai ma ta haifar da 'yan ɗigon haske kore da ja a cikin hoton, tunda gilashi ne aka ƙara a gaban gilashi. Bayan ruwan sama mai yawa, in tafkin ya gurɓace, buɗe tagar ba ya nuna komai sai laka, gara a bar sheƙin sama ya rufa masa asiri. In hazo ya kwanta a kan ruwa ma nakan cire ta, don laushin nan nake so. Bakan gizo kuma tana iya goge shi ƙarƙaf ko ta ƙara masa launi, ya danganta da juyin, saboda haka in ya fito ka kalli allo da kyau. Ƙyallin tsurar ƙarfe, kamar na kwale-kwalen alminiyam da ba a yi wa fenti ba, ba ta iya masa. Amma jiƙaƙƙen dutse da ganyen da raɓa ta sauka a kansa, nan ta ƙware, launinsu na asali yakan fito har ka yi mamaki.

Ta fuskar ƙira, gilashin ba ni da abin cewa a kansa. Na gwada shi da lensi mai janyo nesa a milimita 200, da filta da babu, na faɗaɗa hotunan ina duba ganyayen tsallake, ban ga bambancin kaifi ba. Yana ɗan ja zuwa rawaya kaɗan, abin da ake gyarawa da taɓi ɗaya. Shafen da aka yi masa yana sa ɗigon ruwa ya dunƙule ya gangara, in ka goge da ƙyalle ba ya barin shati, kuma duk wanda ya taɓa aiki a gaɓa iska tana watso masa ruwa ya san darajar wannan. Siririn zoben ya cika alkawarinsa, ko a milimita 16 kusurwoyin hoton ba sa yin duhu.

Amma wannan sirantar ita ce kuma matsalarta. Zoben da ake juyawa bai fi kaurin ashana ba, zanen da aka yi masa don yatsa ya kama kuma ya yi laushi da yawa. Da sanyin asuba, hannu a jiƙe, sai ka kama duka zobe biyun tare ba ka sani ba. Wata safiya ina tsaye a cikin ruwa har gwiwa, ina juya ta ta hagu ina kallon allo, ashe kwance ta nake yi daga lensin. Ban ankara ba sai da na ji ta saki a yatsuna. Da na ɗan buɗe hannu, da ta tafi. Tun daga nan ta fuska ɗaya kaɗai nake juya ta, wadda ke ƙara ɗaure ta, sai wannan ya jawo wata damuwar: sau biyu tana cijewa a bakin lensi ta ƙi fita. Matse ta da ƙarfi ba ya taimakawa, yana ma lanƙwasa zoben ya ƙara cijewa. Abin da ya cece ni shi ne faffaɗan robar ɗaure kaya da na zagaya mata, na riƙe a sassauce na murɗa, yanzu kullum akwai guda biyu a jakata. Murfin lensi ma ba ya zama a kanta sosai, na sha tarar da shi a gindin jaka. Sannan babu wata alama a jikin zoben da za ta nuna maka fuskar da take, sai da na ɗiga farin fenti da kaina a inda take buɗe ruwa, don in iya saita ta cikin duhu kafin gari ya waye. Waɗannan abubuwa ne da mai ƙera ta zai iya gyarawa cikin sauƙi, kuma ya kamata a ce ya gyara.

Wanda zai saya, ya fara duba faɗin bakin lensinsa, yana rubuce a gaba ko a cikin murfi, kusa da wata alama mai kama da sifili da aka ratsa da layi: 67, 72, 77, 82 da makamantansu. In lensinka ya fi ɗaya, sayi wadda ta dace da mafi faɗin baki, ka haɗa da zoben haɗi don ƙananan, sai dai hular tare rana ta ƙananan ba za ta hau ba. Harafin C da ke farkon CPL yana nufin an ƙara wani falle a bayanta wanda ke murɗa hasken bayan an tace shi, don kada ya rikita ma'aunin haske da na saita kaifi a kyamarori masu madubi a ciki. Gwada ta kuma ba wuya: riƙe ta a gaban allon kwamfuta irin na LCD, fuskar da ke kallon waje tana kallon allon, ka juya. Ya kamata allon ya yi baƙi ko'ina daidai, in ka ga dabbare-dabbare, mayar da ita. Akwai ƙananan da ake maƙala wa waya, ƙa'idar aikinsu ɗaya ce. In kana sa tabarau mai rage ƙyalli, cire shi kafin ka fara tsara hoto, domin tafkin da kake gani ta cikinsa daban yake da wanda kyamararka take gani.

In wannan ta faɗa ruwa gobe, zan sayi wata a makon, amma zan nemi mai zobe mai kauri kaɗan da zane mai kama yatsa, ko da zan ɗan rage faɗin da nake ɗauka. Makon jiya na koma wurin falalen dutsen nan. Ruwan ya ja baya da kusan taki uku, rabin tsagin ya fito fili ya bushe, ya yi fari, ba ya jan ido kamar da. Na bi gaɓa ta hagu wajen minti goma, na sami inda wata bishiya ta faɗi ta nutse, rassanta uku a baje a ƙarƙashin ruwa, mafi tsawonsu ya nufi wani ɗan tsibiri. Nisansu da inda zan iya tsayawa ya kai mita 3, turkena kuma bai kai tsayin da ake buƙata ba, sai na ja shi baya na ɗora a kan wani tudun gaɓa. Na saita farin ɗigon, na dawo da shi baya kaɗan har sheƙi ya taɓa ƙarshen rassan, na samu ɗauka huɗu kafin iska ta taso daga tsallake ta tsinka inuwar tsibirin.